Bangon Sai-Gobe

"Mabuɗin sito na tambaye ki, Amarya. Ban ce ki yi mini wa'azi ba."

"Na ji ku sarai, Baffa. Mabuɗin ne ba zan bayar ba."

Baffa, ƙanin mahaifin mijina kuma babban dattijon cocinmu, ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa ya mayar, kamar yana zaton dattin gilashi ne ya sa yake ganin wata mace daban a gabansa. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa jin bakina ya wuce "to" da "sannunku da zuwa" ba. Yau ga ni tsaye a ƙofar ɗakina, idanu a kumbure, na dunƙule mabuɗi har haƙoransa sun nutse a tafin hannuna.

Jiya da safe mijina ya rasu. Gobe za a binne shi. Tsakar gida cike take da kujerun roba da mata masu zaman makoki, kowacce ta sunkuyar da kai ƙasa, kunnuwa kuwa duk suna wajenmu.

Baffa ya rage murya. "Kin san tsarinmu. Kafin a shigar da gawa cikin coci, dattijo ɗaya yakan tsaya a bakin ƙofa ya faɗi abin da mamaci ya yi wa gidan Ubangiji. Wance ta yi shara, wane ya yi waƙa, wane ya kawo benci. Wanda ba a samo masa komai ba, addu'a kawai ake yi masa a bakin kabari. To ni in na tashi gobe me zan ce? In ce ya iya fito da baki?"

"Ya iya kuwa," na ce.

"Amarya!"

"Ku yi haƙuri."

"Rufin asiri nake nema wa gidan nan. Fasto ya yi tafiya, magana tana hannunmu dattawa, kuma na shawo kan sauran. Gwangwanayen fentinsa suna cikin siton nan. Ƙaninsa Auta zai ɗauka ya je ya ƙarasa bangon cocin da ya bari a rabi, yau kafin rana ta faɗi. Gobe in tsaya in ce ɗanmu ne ya shafe fuskar gidan Allah. Kowa zai kau da kai, gawa ta shiga, uwarsa ta samu sanyin zuciya. Ina cutarwa a nan?"

Ya juya ya nufi wajen maza yana girgiza kai.

Sai-Gobe ake ce wa mijina, har mahaifiyarsa ta saba da sunan. Mai fenti ne, kuma a duk garin ba wanda ya kai shi hannu. Ba kuma wanda ya kai shi ajiye aiki a tsakiya. In ka tare shi a hanya ka ce yaushe za a gama falona, sai ya yi maka murmushin nan da ke kwance wa mutum fushi, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai gobe." Akwai gidajen da har yau rufinsu fari ne sol, bangonsu yana nan yadda magini ya bar shi.

A shagon da nake koyon ɗinki na fara ganinsa. An kira shi aikin da bai fi na yini biyu ba, ya cinye damina guda yana yi. Daga baya ya rantse mini cewa wannan ne kaɗai jinkirin da ya taɓa yi da gangan. Yana kan tsani yana fito, ni ina taka keke ina karkatar da ɗinkin mutane. Ranar da ɗigon shuɗi ya faɗo a bayan hannuna, ya sauko da tsumma ya ce bari ya goge, ya riƙe hannun ya manta da gogewar. Na so shi irin son da ba ya jin shawara. Yayyena sun yi magana, ƙawayena sun yi, na ce ai kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ban auri waliyyi ba, kuma ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yana sha. Na sha ɗauko shi a bakin kwata, na sha wanke amai, na sha jin mata suna yin shiru in na shigo. Amma shi ne mutumin da ya zana mini ƙaramin tsuntsu a bayan ƙofar ɗakinmu, daidai inda ba mai gani sai wanda ya rufe ƙofar daga ciki. Ko tsuntsun ma fiffike ɗaya gare shi. Ɗayan sai gobe.

Bara, bayan ciwo ya fara taɓa shi, tsoro ya kama shi. Wata Lahadi ya miƙe a tsakiyar sujada ya ce zai shafe bangon gaban coci kyauta, ko Allah zai dube shi. Ya kankare tsohon fenti, ya cike tsagogi, ya zauna a ƙasa yana haɗa launi har ya samu wani shuɗi da ban taɓa ganin irinsa ba, kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Ya shafa daga kusurwar hagu har gefen ƙofa. A nan wani tsohon abokinsa ya wuce a kan babur ya yi masa hon. Ya bi shi, bai sake komawa kan aikin ba. Bango ya zauna rabi shuɗi rabi toka, har masu kwatance suka samu alama: ka miƙe, in ka ga cocin nan mai rabin riga sai ka yi dama. Baffa, wanda shi ke buɗe ƙofar cocin nan tun kafin a haife ni, kullum sai ya wuce ƙarƙashin wannan abin kunya da mabuɗi a hannu.

Ina zaune a bakin gado Mama ta shigo, surukata. Cikin kwana biyu ta koma kamar an zare mata ƙashin baya. Ta zauna kusa da ni ta kama gwiwata.

"'Yata, ba ki taɓa yi mini musu ba."

"Ban taɓa ba, Mama."

"To ki ba su. Ni ba maganar mutane ce ta dame ni ba, bakinsu ya riga ya gaji da mu. Tsoro nake ji. Yaron nan zai je gaban Ubangiji hannu rabbana, ba komai. In ko ƙofar coci ba ta karɓe shi ba, wace ƙofa ce za ta karɓe shi? A bar shi ya tafi da ɗan abin nunawa, ko na aro ne."

Wannan ta fi ta Baffa zafi. Na buɗe baki in gaya mata abin da ya faru a asibiti, kuka ya riga ni. Tun jiya nake ƙoƙarin faɗa, kullum a nan nake tsayawa. Ta jira, ta ga ba magana, ta tashi ta fita tana jan ƙafa.

Ba a jima ba na ji ƙarar ƙarfe a bayan gida. Na leƙa ta taga. Auta ne, ƙanin mijina, bakanike, ya durƙusa a ƙofar sito da sukudireba. Bai ko taɓa kwadon ba, kusoshin da suka riƙe ƙarfen ƙofar yake kwancewa.

"Auta! Sata da rana tsaka?"

"Matar yaya, ki riƙe mabuɗinki, ki yi sarƙa da shi," ya ce, bai ɗago ba. "Ni ɗan aike ne. Baffa ya ce, Mama ta yi kuka. In kin ga hanyar da zan bi tsakanin waɗannan biyun ki nuna mini."

"Kai da ko keken yara ba ka taɓa fentawa ba?"

"Shuɗi ai shuɗi ne."

Ya ɗaure gwangwanaye da bokiti a bayan babur, ya saɓa tsani a kafaɗa, ya tafi. Na tsaya da mabuɗin da ya zama banza a hannuna. Sai na ja mayafi na ratsa tsakiyar matan nan. Wata ta ce, "Ina za ki, ke da ke cikin makoki?" Na ce wajen mijina. Suka dubi juna, sun ɗauka hankalina ya taɓu.

Na bi titi a ƙafa, na wuce mai gyaran taya da kantin magani da shagon aski. A ko'ina akwai hannunsa: ƙofa koriya a nan, allon shago a can, wani bangon da aka fara aka bari. Gari guda cike da shaidar abin da ya iya da abin da ya kasa.

Kafin in isa Auta ya riga ya fara. Ya zuba farin fenti a bokiti, ya tuttula masa launi daga ƙaramar kwalba, ya juya da sanda, ya ja wani faffaɗan layi a ɗaya gefen ƙofar. Baffa yana tsaye a inuwa yana ba da umarni. Mama ma ta biyo su, an kawo ta a mota, tana zaune a kan matakala.

Na dubi layin, sai dariya ta kufce mini, irin wadda ke fita tare da hawaye.

Abin da ba su sani ba shi ne, ba a sayar da shuɗin Sai-Gobe a gwangwani. Da ido yake haɗawa, ɗigo na wannan, ɗigo na wancan, har da ɗan ja da ba wanda zai yi zaton yana ciki. Yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da Auta ya shafa shuɗi ne mai duhu, mai nauyi, irin na rigar 'yan makaranta. Gefe da gefe da na yayansa, ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

"Zai yi haske in ya bushe," in ji Baffa.

"Duhu zai ƙara," na ce. "Na zauna da mai fenti."

"To a ƙara fari!"

Auta ya ƙara fari, ya sake ja. Wannan karon ya fito kamar ruwan wanki. Ya koma baya ya dubi layukansa biyu, ya sosa ƙeya. "Baffa, ni fa inji na sani. Inji in ya ƙi, akwai dalili. Wannan abin aljanu ne."

Mama ta tashi a hankali ta zo gaban bangon. Ta ɗora tafin hannu a kan tsohon shuɗin, ta daɗe a haka, sannan ta dubi sabon.

"Wannan ba hannun ɗana ba ne," ta ce.

"Ba wanda zai duba," in ji Baffa.

"Wa kuke so ku ruɗa?" Muryata ce, amma ni kaina ban san tana da wannan ƙarfin ba. "Mutanen titin nan da suka shekara suna kwatance da bangon? Ko Shi wanda za a kai masa gawar? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baffa. In Auta ya gama, gobe ku tsaya a ƙofar gidan Allah ku yi ƙarya da sunan mijina, a shigar da shi da aikin da ba nasa ba. Shi kuwa ya riga ya shiga inda ya fi nan, kuma ba da bango ya shiga ba."

"Ke kika raka shi da za ki sani?"

"Har bakin ƙofa na raka shi."

Na juya wajen Mama, don ita nake so ta ji. Kukan ya taso kamar kullum, na haɗiye shi da ƙarfi.

"Mama, a asibiti ba ciwon ne ya fi cinsa ba, bangon nan ne. Cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya, amma kullum magana ɗaya: ki kai ni in ƙarasa, da me zan je gabansa, ko bango ɗaya ban gama masa ba. Na gaya masa duk abin da na sani. Na ce ceto kyauta ce, na ce Yesu ya riga ya gama aikin a kan gicciye. Sai ya ce wannan maganar ta mutanen kirki ce, ba ta irinsa ba.

"Shekaranjiya da hantsi na jingina shi da matashi yana kallon taga. Akwai wani tsohon gini a tsallake, duk ya tsage, ruwa ya yi masa zane. An kawo wani mai fenti yana aiki a kai. Ɗanki ya zuba masa ido, yana ta ƙorafi, wai mutumin bai iya riƙe rolar fenti ba. Sai na ji yana dariya, dariya sosai har tana ja masa ciwo. Ya ce, 'Gimbiya, dubi bangon can. Me ya yi aka zo masa?' Na ce ban gane ba. Ya ce, 'Tsagewa kawai ya iya. Mai shi ne ya ga halin da yake ciki, ya zo da tsaninsa, da fentinsa, da komai nasa. Tun ina yaro nake wannan sana'a, ban taɓa ganin bangon da ya miƙo hannu ya taya ni ba. Ashe ni duk tsawon nan na ɗauka ni ne mai fentin.'

"Ya kama hannuna ya rufe ido. Ya ce, 'Yesu, ga ni nan, duk tsaga. Ba ni da abin nuna maka. In za ka karɓa, karɓi.' Sannan ya ƙara da cewa, 'Yau.' Mama, tun da na san shi ban taɓa jin ya ce yau a kan komai ba. Daga nan bai sake tambayar bangon nan ba. Ya yi barci kamar jariri."

Auta ya juya mana baya yana goge fuska da hannun riga, ya bar shuɗi a kumatu.

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Maganar mace mai son mijinta! Ko gaskiya ce, sai me? Mutum ya sha iya shansa, ya watsar da aikin Allah a tsakiya, a ƙarshe ya ce kalma biyu a kan gado, shi ke nan? To me zai hana kowane mashayi ya yi haka?"

"Ba a banza ya sha ba, Baffa. Giya ta cinye hantarsa, ta cinye mini miji tun bai yi furfura ba. Abin da ya shuka ya girba a jikinsa, ni ma na girba tare da shi. Ba na wanke shi. Ni dai na san wanda ya wanke shi."

"Mu fa?" Muryarsa ta karye a nan, sai na ga tsoho kawai a gabana. "Ni da na tsufa ina buɗe ƙofar nan, ruwa da rana, da zazzaɓi da lafiya? Ranar da aka binne matata ma ni na buɗe ta. Wahalar banza na yi ke nan? Ni da shi ɗaya?"

Tausayinsa ya kama ni, amma ban ja da baya ba.

"Ba banza ba ce. Duk wanda ya taɓa samun ƙofar nan a buɗe ya ci albarkacinku, har da ni. Amma ni a sanina, kuna buɗe wannan ne don an riga an buɗe muku wata, tun ba ku taɓa mabuɗi ba. In da aiki ake shiga, Baffa, wa ya gama nasa bangon? Nasa dai a bakin titi yake, shi ya sa kowa ke gani."

Ya daɗe yana kallona. Mutane sun fara taruwa a tsallaken titi, mai aski ya fito da almakashi a hannu, matan da suka biyo ni daga gida sun tsaya a bakin shinge. Baffa ya ga idanun nan duka, fuskarsa ta koma ta dattijon coci.

"Tsari tsari ne," ya ce. "Ba ni na kafa shi ba, ba kuma yarinya ce za ta rushe shi ba. In bango bai cika ba, ba ni da abin faɗa gobe. In ba abin faɗa, ƙofa ba za ta buɗu ba. Ki zaɓa, kuma ki dubi tsohuwar nan kafin ki zaɓa."

Na dube ta. Wannan ne abin da nake tsoro tun safe. Mama tana nan gaban bango, hannunta bai bar shuɗin ɗanta ba.

"'Yata," ta ce, ba ta juyo ba. "Da bakinsa ya ce yau?"

"Da bakinsa, Mama."

"Ba ki ƙara masa ba?"

"Da zan ƙara masa, da na ba da mabuɗi."

Ta gyaɗa kai. Ta taka zuwa wajen Auta, ta zare burushin daga hannunsa kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ta sake shi cikin bokiti. Ta jawo gwangwanin fentin da ba a buɗe ba ta zauna a kansa, ta gyara zaninta, ta naɗe hannu.

Na hau matakala ta sama, na tsaya daidai inda burushin mijina ya tsaya, shuɗi a damana, toka a haguna. Na ɗaga murya yadda na tsallaken titi za su ji.

"Auta, ɗebo ruwa ka wanke abin da ka shafa tun bai bushe ba. Ba wanda zai ƙara wa bangon nan ko ɗigo. Baffa, ku riƙe mabuɗinku. Gobe a nan waje za mu ajiye shi, ƙarƙashin aikin da bai gama ba, ni kuma zan tsaya in faɗi tarihinsa da bakina: bai gama komai ba, aka karɓe shi. Wanda ya ga zai iya jin wannan, ya zo."